Kwashe Ajiya Daga Tsohuwar Kwamfuta Zuwa Sabuwa

A watan Yuli na shekarar 1985 ne kamfanin Commodore ya gabatar da wata sabuwar na'ura mai ƙwaƙwalwa da ake kira Amiga 1000 a birnin New York na ƙasar Amurka. A wurin bikin an gayyato mashahurin mai zane Andy Warhol, ya zana hoton mawaƙiya Debbie Harry da wannan na'ura a gaban jama'a. Daga baya ya ci gaba da yin wasu zane-zane, yana adana su a ƙananan faya-fayan nan da ake kira fulofi. Warhol ya rasu a 1987, kamfanin Commodore kuma ya karye a 1994, faya-fayan suka zauna a ma'ajiyar gidan tarihinsa da ke Pittsburgh. Sai a 2014 aka ba da sanarwar cewa an fito da hotunan, bayan aikin da ƙungiyar masu sha'awar kwamfuta ta Jami'ar Carnegie Mellon ta yi. Abin tambaya a nan shi ne, me ya sa aikin da ake ɗauka na kwafi ne kawai ya buƙaci ƙwararru?

Amsar tana farawa ne daga shi kansa faifan. Fulofi wani siririn faranti ne na roba, wanda aka shafe shi da garin ƙarfe mai ɗaukar maganaɗisu, ana kuma rubutu a kansa ta hanyar juya fuskar maganaɗisun a jere bisa layuka masu zagaye. Faifan Amiga da na kwamfutar IBM ta wancan zamani siffarsu ɗaya, faɗinsu inci uku da rabi. Amma tsarin rubutunsu ya sha bamban. Ita IBM tana raba kowane layi kashi 9, ta bar ɗan fili a tsakanin kashi da kashi, faifan ya ɗauki kilobayit 720. Ita kuwa Amiga tana rubuta layin gaba ɗaya a numfashi guda, ta cusa kashi 11, faifan ya ɗauki kilobayit 880. Saboda haka na'urar karanta fulofi da ake jonawa da kwamfutar yau ta ramin USB ba ta gane faifan Amiga, domin tsarin IBM kaɗai aka koya mata. Mafi muni ma, kwamfutar kan ce faifan babu kome a cikinsa, ta nemi izinin shirya shi sabo. Wanda ya amsa mata da gaggawa ya shafe ajiyar da hannunsa.

Hanya mafi daɗewa ta kauce wa wannan matsala ita ce a bar tsohuwar na'ura ta karanta faifanta da kanta, sannan a haɗa ta da sabuwar da waya ta kafar nan da ake kira RS-232. Akwai ƙa'idojin aikawa da aka tsara tun da daɗewa, kamar XMODEM na 1977, da Kermit wanda aka ƙirƙira a Jami'ar Columbia a 1981, waɗanda ke yanka fayil gunduwa-gunduwa, su tabbatar kowace ta isa lafiya kafin a tura ta gaba. Hanyar tana da nawa, domin in ana tura bit 9,600 a daƙiƙa, faifai ɗaya kan ci kimanin rubu'in sa'a. Sa'annan kuma ta dogara ga lafiyar injin da ya shekara arba'in, wanda kan karatunsa, in ya yi datti, yana iya kankare fuskar faifan.

Masu aikin Pittsburgh sun bi wata hanyar. Sun yi amfani da wata 'yar na'ura mai suna KryoFlux, wadda ba ta ƙoƙarin fahimtar abin da ke rubuce, sai dai ta auna tazarar lokaci tsakanin kowane juyin maganaɗisu da na gabansa, ta ajiye wannan awo a sabuwar kwamfuta. Hikimar da ke ciki ita ce, da zarar an ɗauki wannan cikakken hoto na faifan, sai a mayar da shi ma'ajiya, duk wani gwaji da kuskure a yi shi a kan kwafin.

To, ko da fayilolin suka iso, aiki bai ƙare ba. Misalinsa kamar a miƙa wa wanda boko kaɗai ya sani takardar ajami ne: takardar tana hannunsa, tawadar ba ta goge ba, amma maganar ba ta iso shi ba. An adana wasu daga hotunan Warhol ne da wata manhajar zane ta farkon zamanin Amiga, cikin wani tsari da manhajojin yau ba su sani ba. Dole masu aikin suka zauna suna nazarin jerin lambobin, har suka gano inda launuka suke da yadda aka jera ɗigo-ɗigon hoton. Daga cikin abin da ya bayyana a kan allo akwai gwangwanin miyar Campbell, da kuma hoton Venus irin na Botticelli, wadda Warhol ya ƙara mata ido na uku.