Ko Ka San Yadda Na'ura Ke Bambanta AA, AS da SS?

Limamai da fastoci da dama a Abuja sun daina ɗaura aure sai an nuna musu takardar gwajin jini. A Kano ma abin ya zama doka tun shekarar 2024, lokacin da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a kan dokar gwajin lafiya kafin aure. Haruffa biyu kacal ke cikin takardar jinotayif, amma sun ɗaura aure, sun kuma warware baiko bayan an kai lefe. Duk da haka, kaɗan ne daga cikinmu suka taɓa ganin na'urar da ke fitar da waɗannan haruffa, balle su san yadda take aiki.

Sai mun fara leƙa cikin jinin kansa. Kowace jar ƙwayar jini na ɗauke da sinadarin himogulobin kimanin miliyan 270, shi ne ke ɗaukar iskar oksijin daga huhu ya kai ta sassan jiki. An gina shi da sarƙoƙi huɗu, biyu alfa biyu beta, kuma kowace sarƙar beta tana da ƙulli 146 na abin da masana ke kira amino asid. Tsakanin mai AA da mai SS, ƙulli ɗaya ne tak ya bambanta, wato na shida. Wannan ɗan sauyi ne ke sa himogulobin ɗin S ya manne da juna ya yi tsinke-tsinke da zarar ya sauke iskarsa, sai ƙwayar ta ƙage ta lanƙwashe kamar lauje. Lafiyayyar ƙwaya takan yi kwana 120 tana aiki, mai sikila kuwa kwana 10 zuwa 20 ta mutu. Daga nan ƙarancin jini yake, daga nan kuma ciwon ƙashin nan mai hana yaro da uwarsa barci, idan ƙwayoyin suka toshe ƙananan hanyoyin jini.

Likita James Herrick na birnin Shikago ne ya fara bayyana wannan siffa a rubuce a 1910, bayan an duba jinin wani ɗalibi ɗan tsibirin Girenada. Sai dai madubin likita ba ya iya faɗa maka komai mai gamsarwa game da mai AS, domin ƙwayoyinsa garau suke a ido. A 1949 Linus Pauling da Harvey Itano da abokan aikinsu a Kalifoniya suka zuba himogulobin a ruwa suka jona masa lantarki, suka ga na masu sikila ba ya tafiya daidai da na sauran mutane. Vernon Ingram ne ya zo a 1956 zuwa 1957, a Kambirij ta Ingila, ya gano ƙullin da ya jawo hakan.

Na'urar da yawancin ɗakunan gwaje-gwajenmu ke amfani da ita jikanyar wadda su Pauling suka yi aiki da ita ce, ana kiranta ilektiroforesis. Idan ka gan ta ba za ka ce ita ce ba. Ɗan akwati ne na roba mai murfi, an raba cikinsa gida biyu, kowane gida da ruwan magani, ga wayoyi biyu, ja da baƙa, sun tafi zuwa ga abin ba da wuta. Ma'aikacin gwaji zai fasa ƙwayoyin jinin don himogulobin ya fito, ya ɗiga shi a jere a kan wata 'yar farar takarda ta musamman da aka jiƙa, ya shimfiɗa ta tsakanin gidajen biyu, ya rufe ya kunna. A cikin wannan ruwa, himogulobin yana ɗauke da caji irin na gefen batir mai alamar ɗebewa, don haka gefe mai alamar tarawa ke janyo shi. Ƙullin da ke wuri na shida a jikin A yana da irin wannan caji, wanda ya maye gurbinsa a jikin S kuwa ba shi da caji ko kaɗan. Saboda haka A ya fi jin jan lantarkin, ya yi gaba, S ya biyo baya, C kuma, wanda aka fi samu a ƙasar Yarbawa da arewacin Gana da Burkina Faso, ya fi kowa nawa. Bayan kamar rabin awa sai a kashe, a tsoma takardar a jan rini. Layi ɗaya can gaba, AA ke nan. Layi biyu, ɗaya a gaba ɗaya a tsakiya, AS. Layi ɗaya mai kauri a tsakiya, babu komai a wurin A, SS.

To me ya sa ake samun wanda aka ce masa AA a wani wuri, aka kuma ce AS a wani? Jinotayif ba ya sauyawa, da shi aka haifi mutum. Aikin ne ke samun tangarɗa. Ido ne ke karanta layukan, kuma dole a jera jinin da aka riga aka san irinsa a gefe don a gwada da shi. Idan aka yi tsimin wannan, ko ruwan maganin ya tsufa, ko wuta ta ɗauke ana tsakar aiki, layukan sai su cakuɗe. Wanda aka yi wa ƙarin jini cikin watanni uku da suka wuce, jinin wani ne ke yawo a jikinsa tare da nasa, mai SS zai iya fitowa AS. Akwai kuma wasu nau'o'in himogulobin, irin su D da G, da ke tsayawa daidai wurin da S ke tsayawa. Shi ya sa manyan asibitoci ke tabbatarwa da wata na'ura mai suna HPLC, wadda ke auna adadin kowane nau'i da lissafi. A ganina, duk wanda zai yanke hukuncin aure a kan wannan takarda, ya cancanci ya maimaita gwajin a wuri na biyu, kuɗin bai kai na ɗinkin anko ba.

Wani kuskuren kuma ba na na'ura ba ne, namu ne. Sau da yawa za ka ji an ce AS da AS in sun yi aure, ɗa na huɗu ne zai zo da sikila, don haka sai su tsaya a uku. Ba haka lissafin yake ba. Kowane ciki zaman kansa yake yi, kuma a kowanne akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu. Ɗan fari na iya zuwa da ita, na biyu ma haka. Kimanin mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya na ɗauke da S guda, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ana haihuwar jarirai wajen 150,000 masu cutar a ƙasar duk shekara. Yawan ba banza ba ne: Anthony Allison ya nuna a 1954, a Gabashin Afirka, cewa yara masu AS sun fi jure zazzaɓin cizon sauro mai tsanani.

Wurin da tsohuwar na'urar ta fi gazawa shi ne jinin jariri. Sabon haihuwa cike yake da himogulobin ɗin F na zaman ciki, wanda ke danne sauran layukan, ga shi kuma asibitin unguwa ba shi da wuta mai ɗorewa. Nan ne aikin da aka yi a Abuja ya burge ni. Farfesa Obiageli Nnodu da tawagarta ta cibiyar binciken sikila ta Jami'ar Abuja sun kai gwajin wurin da iyaye mata ke zuwa da kansu, wato layin allurar rigakafi. Daga 2017 zuwa 2019, a ƙananan asibitoci biyar na ƙaramar hukumar Gwagwalada, an gwada jarirai sama da 3,600 da wani ɗan tsinken gwaji mai suna HemoTypeSC, wanda ba ya buƙatar lantarki. Nas za ta ɗan soki diddigen jariri, ta ɗauki ɗigon jini, cikin minti goma sakamako ya fito. Karatunsa ma a juye yake: layin da ya ɓace shi ke nuna nau'in da ke jikin yaro, don haka sai an horar da mai dubawa sosai. An samu jarirai 51 masu SS, aka kuma wallafa binciken a mujallar Lancet Haematology a 2020.

Amfanin sanin da wuri shi ne akwai abin yi. Yaron da aka gano tun yana tsumma ana ɗora shi a kan fenisilin kullum don kare shi daga cututtukan da saifarsa ba za ta iya yaƙa ba, a cika masa rigakafi, a ba shi folik asid da maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro, daga baya likita ya duba ko lokacin fara haidiroksiyuriya ya yi. Nas ce ke kama hannun uwa ta ɗora a ƙarƙashin haƙarƙarin hagu na yaron, ta koya mata jin saifa idan ta kumbura, ta nuna mata yadda ake duba fatar ido da tafin hannu, ta kuma gaya mata cewa kumburin 'yan yatsu ko zafin jiki, ko da tsakar dare ne, a kawo shi asibiti a lokacin, kada a jira gari ya waye.