Ɗalibin Sakandare Da Ke Karatu Daga Gida: Wa Zai Nuna Masa Sana'a?

A Tamanrasset, kudancin Aljeriya, akwai matasa maza da mata da ke karatun sakandare ba tare da shiga aji ba. Wani nisa ne ya hana shi, wani taya mahaifi kasuwanci ko kiwo, wata kuma iyayenta sun fi natsuwa da zamanta a gida. Irin waɗannan suna rajista da hukumar karatu daga nesa, ONEFD, wadda aka kafa tun 1969 da sunan CNEG, ta samu sunanta na yanzu a 2001. Suna karatu a gida, su zauna jarrabawar tabbatar da mataki kowace shekara, har su kai ga jarrabawar Bakaloriya.

Sai dai hukuma darasi take turowa. Ɗalibin aji yana da malamai, da jami'in ba da shawara, da abokan da yake jin burinsu. Na gida kuwa iyayensa ne idonsa, don haka amanar nuna masa sana'a tana wuyansu.

Me ya sa ba a jinkirta wannan aiki? Saboda sakandare a Aljeriya shekara 3 ce, kuma daga shekara ta biyu ake rabuwa zuwa fannoni, kamar kimiyya, lissafi, lissafi da fasaha, tattalin arziki, adabi da falsafa, da harsunan waje. Fannin da yaro ya ɗauka, haɗe da makin da ya ci a Bakaloriya, su ke tantance abin da zai iya karantawa a jami'a. Yarinyar da ke mafarkin zama likita, idan ta faɗa fannin adabi don kawai littattafansa ne ke gida, ƙofar ta rufe tun ba ta sani ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Abu na farko shi ne lura. Wane darasi yaro ke buɗewa ba sai an sa shi ba? Me hannunsa ke gyarawa a gida? A tambaye shi, a kuma bari ya gama magana.

Na biyu, a fitar da shi ya ga aiki da idonsa, domin garin kansa makaranta ne. Ruwan da ake sha ana turo shi ne daga In Salah ta bututu mai tsawon kusan kilomita 750 tun 2011, kuma aikin na buƙatar masu walda, masu lantarki da injiniyoyi. Baƙin da ke hawa Assekrem a duwatsun Hoggar suna neman direba, mai dafa abinci da ja-gora mai jin harsuna. Baje kolin Assihar da cinikin musaya da Nijar da Mali suna neman mai iya lissafi da takardun kwastan. Yaron da ya tashi da Hausa ko Tamashek, ya ƙara da Larabci da Faransanci, jari ne a hannunsa. A nema masa mako guda wajen amintaccen makaniki, maƙerin azurfa ko mai shago. Yarinya ta zauna da ungozoma, malama ko mai ɗinki. In ya dawo ya rubuta abin da ya gani: me ake yi, me aka karanta kafin a fara, me ya ba shi sha'awa, me ya gundure shi.

Na uku, a san hanyoyin. Akwai Jami'ar Tamanrasset ga wanda ya ci Bakaloriya. Akwai cibiyoyin koyon sana'a na gwamnati, CFPA, masu ɗaukar ɗalibai a farkon shekarar karatu da kuma watan Fabrairu, har da tsarin da yaro ke raba lokacinsa tsakanin cibiya da wurin maigidan sana'a. A je da yaron ya yi tambaya da bakinsa, a kuma tanadi takardar haihuwa da shaidar matakin karatu tun da wuri.

Ya ku iyaye, kada son a kira ɗanku likita ya sa ku rena mai walda, kada kuma buƙatar shago ta yau ta sa ku datse karatun mai ƙwaƙwalwa. Ku nuna, ku ba da shawara, ku bar shi ya zaɓa da saninsa. Allah Ya yi wa zuri'armu albarka, Ya ba su abin yi na halal.