Sabon firinsifal: zangon farko a ƙaramar sakandare

Takardar naɗi ba ta koya wa kowa shugabanci. Malamin da ya shekara da shekaru riƙe da alli, rana ɗaya sai ya ga an damƙa masa makullai, hatimi, rajista da takardar miƙa aiki, a ce masa ga makaranta. Daga ranar ya shiga wata sana'a dabam, wadda takardar NCE ko digiri ba su shirya shi dominta ba sai kaɗan.

Ƙaramar sakandare matsayi ne mai wuyar riƙo. Ta samo asali ne daga tsarin 6-3-3-4 da Najeriya ta soma aiki da shi a 1982, sannan dokar UBE ta 2004 ta haɗe ta da firamare, aka ce shekara tara na ilimin farko kyauta ne kuma dole. A takarda ke nan. A ƙasa kuwa, nan ne yara suke zubewa. Ɗalibin aji ɗaya ɗan shekara 12 ne ko 13, shekarun da uba ke ganin yaro ya isa gona ko tsaron shago, uwa kuma ke ganin yarinya ta isa ɗaukar farantin talla, wani gidan ma har an fara zancen aure.

Shi ya sa firinsifal mai basira ba ya farawa da fenti ko sabon allon suna a bakin ƙofa. Da ƙidaya yake farawa. Zai ɗauki rajista ya bi aji-aji, ya gwada sunayen da ke rubuce da kawunan da ke zaune. Zai duba littafin sa hannun malamai, ya ga wa ke zuwa, wa ke aiko da uzuri kullum, wane darasi ne ba shi da malami sam. Sau da yawa lissafi, Turanci da kimiyya ne ke da giɓi, sai a jingina da masu yi wa ƙasa hidima, waɗanda shekara guda za su yi su tafi. Sai ya san wannan duka zai zauna da mataimakansa su tsara jadawalin darussa na gaskiya, wanda za a iya bi.

Akwai wani abu da tsofaffin hannu a aikin nan suka sani: yara da dama suna shigowa aji ɗaya ba su iya karanta jimla ba, ko da Hausa. Wanda ya rufe ido a kan haka zai gamu da shi bayan shekara uku, ranar jarrabawar kammala ƙaramar sakandare, wato BECE. Gwajin karatu a makonnin farko, da ware lokaci na musamman ga waɗanda aka bari a baya, ya fi kowane dogon jawabi a filin asambuli amfani.

Daga nan sai mutane. Ɗakin malamai yana da tarihinsa, akwai wanda ya sa ran kujerar, akwai wanda ya girme sabon firinsifal. Ba a shiga da gadara. A wajen katanga kuma akwai mai unguwa, limami, ƙungiyar iyaye da malamai, da kwamitin kula da makaranta na SBMC. Sabon shugaba ya je ya gaishe su tun kafin ya buƙace su, domin ranar da iska ta yaye rufin aji, ko wata yarinya ta daina zuwa, su ne za su tashi kafin takardarsa ta kai ofishin shiyya.

Banɗaki da ruwan sha ma ba ƙananan abubuwa ba ne. Yarinyar da ta fara girma ba za ta wuni inda babu wurin kewayawa ba, kuma rashin zuwan kwana uku a wata shi ke zama barin makaranta.

Ni a ganina, ma'aunin sabon firinsifal a ƙarshen zangon farko abu biyu ne: malamai nawa ne ke cikin aji idan an kaɗa ƙararrawa, kuma yara nawa cikin waɗanda suka shigo a Satumba suka dawo a Janairu. Jami'an ma'aikatar ilimi da masu duba makarantu, don Allah ku riƙa tambayar waɗannan kafin ku yaba kyawun ofis.