Shekarar Ƙarshe A Makaranta: Yadda Ɗalibi Zai Fita Ba Tare Da Bashi A Wuya Ba

A gidajen manoma na Rano da Kibiya, kuɗi da lokacinsu suke zuwa. Idan kaka ta yi, maigida zai ware abin da iyali za su ci har wata damina, ya ajiye iri, sannan ya fitar da 'yan buhunan masara ko shinkafa ya kai kasuwa. Daga cikin waɗannan buhunan ne ake biya wa yara da dama kuɗin makaranta, ko suna reshen Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kano da ke Rano, ko Jami'ar Aliko Dangote da ke Wudil, ko Jami'ar Bayero. Matsalar ita ce buƙatun shekarar ƙarshe ba sa jiran kaka.

Shekarar kammalawa tana zuwa da ɗawainiyar da babu ita a shekarun baya. Akwai aikin bincike na ƙarshe, wanda ke cin kuɗin data da na mota da na bugawa da ɗinkewa, wani lokaci har sau biyu ko uku idan malami ya yi gyara. Akwai kuɗaɗen sallama kafin a karɓi sakamako. Bayan haka akwai watannin zaman jira kafin a kira wanda ya cancanta zuwa hidimar ƙasa. Duk wannan yana faruwa ne a lokacin da kuɗin mota da na abinci suka yi tashin gwauron zabo tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023.

Saboda haka matakin farko shi ne lissafi tun farkon zango. Ɗalibi ya tambayi waɗanda suka gama bara abin da suka kashe, ya rubuta, ya ware wannan kuɗin gefe kamar yadda ake ware iri a rumbu. Abin da ya rage shi ne na cefane. Wanda yake karɓar Naira 20,000 a wata daga asusun lamunin ɗalibai na NELFUND, wanda ya fara karɓar buƙatu a Mayun 2024, ya sani cewa abin da ke hannunsa bai kai Naira 700 a kullum ba. Wanda ya dubi kuɗinsa da wannan ma'auni zai gane amfanin taho da gari da wake da manja daga gida, da haɗa tukunya da abokan ɗaki, da cire kuɗin mako gaba ɗaya maimakon biyan ladan mai POS kowace rana.

Ya kamata kuma a fahimci cewa kuɗin NELFUND rance ne ba kyauta ba. Babu kuɗin ruwa a kansa, amma za a fara biya shekara 2 bayan kammala hidimar ƙasa, ta hanyar cire kashi 10 cikin 100 na albashi. Wanda ya ci shi a sabuwar waya, albashinsa na gobe ya ci.

Musulunci bai ɗauki bashi da wasa ba. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take magana. Ya kuma inganta cewa an kawo wa Manzon Allah (SAW) gawar wani mai bashi, bai sallace ta ba sai da Abu Ƙatada (RA) ya ɗauki nauyin biya. To ina ga wanda zai tattara kayansa ya bar makaranta alhali mai shago da mai abinci da abokin ɗaki duk suna binsa, yana ganin nisa ya raba su? Ƙaramin bashi ne ya fi saurin ɓacewa a ƙwaƙwalwa, don haka a rubuta shi, a biya kafin a yi sallama.

Mafi haɗari su ne manhajojin ba da rance na waya. Suna ba da kuɗi cikin 'yan mintuna, su ɗora ƙari mai nauyi a kan 'yan kwanaki, wanda riba ce ƙarara. Wasunsu kan aika saƙon cin mutunci ga lambobin da ke wayar wanda ya gaza biya. Haka nan cacar ƙwallo, wadda kan yaudari wanda aljihunsa ya bushe. Idan matsi ya kai matsi, gara a nemi rance mai kyau daga ɗan'uwa, ko a shiga adashi da amintattun abokai, a tsara kwasa ta zo daidai da lokacin buga aikin bincike.

Sai kuma bikin gama jarrabawa: anko, walima, ɗaukar hoto da liƙi. Farin ciki da ni'ima ba laifi ba ne, amma Suratul Furƙan ta yabi bayin da ke bin tsaka-tsaki tsakanin almubazzaranci da ƙwauro. Bai dace a ci bashi don shagalin yini ɗaya ba, alhali alawus ɗin hidimar ƙasa na Naira 77,000, wanda aka fara biya a 2025, ba ya shigowa sai an shiga sansani, kuma kuɗin motar zuwa can daga aljihu zai fito. Mai ƙaramar difloma ma ba ya cikin tsarin, sai ya ƙaro karatu.

Iyaye ma suna da nasu nauyin. Su zauna da ɗansu ko 'yarsu lokacin kaka, kafin hatsi ya bar gida, a faɗi abin da za a iya da wanda ba za a iya ba. Ɗalibi kuma ya faɗi gaskiyar adadin da makaranta ta nema, kada ya ƙara ko sisi, domin gumin noma amana ne a hannunsa.

Allah Ya sanya albarka a karatun 'ya'yanmu, Ya wadata su da halal, Ya tsare su daga nauyin bashi.