2.3 Gudummawar Peter Ward ga Nazarin Tsuntsun Jan-baki

2.3.1 Gabatarwa

A wannan sashe za a yi bayani a kan ayyukan Peter Ward, wani masanin rayuwar tsuntsaye ɗan ƙasar Birtaniya, wanda ya yi nazarin jan-baki a Nijeriya. An zaɓi wannan masani ne saboda tsuntsun da ya nazarta babban abokin gaba ne ga manoman gero da dawa na yankin Maruda da Gwandu, da kuma masu noman shinkafa a fadamun Kalgo. Abin da sashen zai nuna shi ne yadda bincikensa ya sauya tunanin masana dangane da hanyar kare amfanin gona daga wannan tsuntsu.

2.3.2 Bincikensa a Nijeriya

Ward ya gudanar da bincikensa ne a farkon shekarun 1960, a yankin Tabkin Chadi da ke ƙasar Borno. A shekarar 1965 ya fitar da maƙaloli biyu a mujallar Ibis, ɗaya a kan abincin jan-baki, ɗayar kuma a kan hayayyafarsa. Sunan tsuntsun a kimiyyance shi ne Quelea quelea.

Ta hanyar duba abin da ke cikin cikin tsuntsayen a lokuta daban-daban na shekara, Ward ya gano cewa ainihin abincinsu shi ne 'ya'yan ciyawar daji. Haka kuma ya gano cewa lokacin da suka fi shan wahala shi ne farkon damina, domin da zarar ruwa ya sauka, sai 'ya'yan ciyawar da ke ƙasa su tsiro, abinci ya yanke musu gaba ɗaya.

2.3.3 Ra'insa a kan Ƙaura

A shekarar 1971 Ward ya yi bayanin yadda wannan yunwa take tilasta wa jan-baki yin ƙaura. Tun da yake a Afirka ta Yamma damina daga kudu take farawa, tsuntsayen sukan tashi zuwa kudu, inda ciyawa ta riga ta yi 'ya'ya. Daga nan sai su biyo nunar ciyawa zuwa arewa, suna yada zango suna saƙa sheƙa a itatuwan ƙaya. Ke nan garken da ya faɗa wa gona a Kabi yana iya kasancewa an ƙyanƙyashe shi ne a wata ƙasa mai nisa.

2.3.4 Tasirinsa ga Sauran Masana

A shekarar 1973 Ward da Amotz Zahavi na ƙasar Isra'ila sun kawo ra'in da ke cewa makwancin tsuntsaye tamkar dandalin samun labari ne. Wato tsuntsun da bai sami abinci ba yakan bi wanda ya ƙoshi idan gari ya waye. Wannan ra'i ya jawo muhawara mai tsawo, har masana irin su Charles Brown suka gwada shi a kan wasu tsuntsaye a Amurka a shekarun 1980. Bugu da ƙari, a 1976 shi da Peter Jones sun nuna cewa sinadarin gina jiki da macen jan-baki ta tara shi ne ke ƙayyade lokacin da za ta yi ƙwai da kuma yawansa.

2.3.5 Matsayinsa a kan Feshi

Maƙalarsa ta 1979 ita ce ta fi shafar manomi kai tsaye. A ciki ya nuna cewa ƙoƙarin ƙarar da jan-baki ta hanyar kisan kiyashi aikin baban giwa ne, domin ko ba a yi feshi ba, yunwa takan kashe da yawa daga cikinsu a kowace shekara, waɗanda suka rage kuma su sake cike giɓin a damina ta gaba. Saboda haka ya ba da shawarar a taƙaita yaƙin ga garkunan da ke kusa da gonaki, sannan a daidaita lokacin shuka da girbi ta yadda hatsi ba zai nuna a daidai isowar tsuntsayen ba.

2.3.6 Kammalawa

A taƙaice, ayyukan Ward sun tabbatar da cewa sanin abincin jan-baki da lokacin ƙaurarsa ya fi yawan maganin feshi amfani. Wannan ya shafi Jihar Kabi ƙwarai, musamman masu noman rani, domin shinkafarsu takan nuna ne a lokacin da abincin daji ya yi ƙaranci. A kan wannan ma'auni ne za a auna hanyoyin da manoman Maruda suke bi wajen korar tsuntsaye a babi na gaba.