Takardar Ƙa'ida Ba Ɓata Lokaci Ba Ce

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a tsakanin masu rubuta manhajar ƙananan na'urori: idan direba, wato manhajar da ke tuƙa na'ura, ya yi aiki, an soka filas a ramin USB kuma kwamfuta ta gan shi, to aiki ya ƙare. Rubuta takardar da ke bayyana ƙa'idar mai sarrafa USB ɗin a cikin bishiyar na'urori, wadda mutanen Linux ke kira binding, a ganinsu wahalar banza ce da ake yi don a faranta wa masu duba aiki rai. Sukan ce ai manhajar ita ce gaskiya, mai son sanin wani abu ya je ya karanta ta.

Masu wannan magana ba ragwaye ba ne, kuma suna da hujja. Mutum ya kwana yana fama da na'ura har ta tashi, ya aika aikinsa, sai a dawo masa da shi saboda sunan wani agogo ko jerin wasu layuka, alhali kamfani na jiran kaya su fita kasuwa. Wannan da ciwo. Duk da haka ina ganin sun ɗora gaskiya a inda ba nan take ba.

Abin da ake sokawa a ramin USB yana gabatar da kansa: linzami ko filas zai faɗa wa kwamfuta ko shi wane ne. Amma mai sarrafa USB da ke cikin guntun lantarki na ARM ba ya yin haka. Dole a gaya wa Linux adireshinsa, da layin da yake bi ya ja hankalin ƙwaƙwalwar na'ura, da agogon da ke motsa shi, da abin da ke ba ramin wutar bolt 5. A guntun BCM2835 na Raspberry Pi na farko, alal misali, bishiyar na'urori ce ke cewa mai sarrafa USB yana adireshi 0x7e980000. A da, irin wannan bayani cikin manhajar C ake cusa shi, kowane allo da nasa fayil, har abin ya ishi Linus Torvalds ya yi faɗa a kansa a 2011. Daga nan ɓangaren ARM ya rungumi bishiyar na'urori, dabarar da ta samo asali daga Open Firmware kuma masu PowerPC suka riga su amfani da ita.

Tun ranar da aka raba bayanin na'ura da manhajar da ke tuƙa ta, sun zama abu biyu masu tsawon rai daban. Direba ana gyara shi kusan kullum, sabon Linux yana fitowa duk bayan wata biyu zuwa uku. Bishiyar kuwa sau da yawa ana ƙona ta ne a cikin na'ura tare da manhajar tayarwa, ta tafi hannun mai saye, ba mai sake taɓa ta. Shi ya sa Linux ya ɗauki waɗannan ƙa'idoji a matsayin alkawari: sabon Linux ya ci gaba da aiki da tsohuwar bishiya. To idan direba ne gaskiya, wanne daga ciki? Na bara ko na bana? Kamar iyakar gona ce da ba a rubuta ba, tana nan daram muddin dattawan da suka shaida suna raye, ranar da suka kau sai rigima.

Ga abin a kusa. Da yawa daga cikin masu sarrafa USB na irin waɗannan guntaye suna iya zama mai masauki, a soka musu abu, ko su zama baƙo, a soka su a jikin wata kwamfuta. Layin da ke zaɓar wannan sunansa dr_mode, kuma abu uku yake karɓa: host, peripheral, otg, wato mai masauki, baƙo, ko duka biyun. Al'adar bishiyar na'urori ita ce a raba kalmomi da karan tsakiya, amma wannan sunan da karan ƙasa ya shigo tun farko, kuma haka aka bar shi, domin alluna marasa adadi sun riga sun fita da shi. Yanzu a ce injiniya ya bi al'ada ya rubuta dr-mode. Manhajar dtc da ke harhaɗa bishiyar ba za ta ce uffan ba. Direba ma ba zai yi ƙorafi ba, zai ɗauka ba a faɗa masa komai ba, ya koma kan otg. A wani allon haka zai yi aiki, a wani kuma ramin ya yi shiru, mutum ya wuni yana zargin waya da dalma. Tun da Rob Herring ya jagoranci mayar da takardun nan daga rubutun zube zuwa tsarin YAML, wanda ya fara shiga a Linux 5.0, umarnin make dtbs_check yana kama irin wannan kuskure tun kafin a kunna na'ura. Amma sai in an rubuta takardar; abin da ba a bayyana ba, babu abin da za a auna shi da shi.

Layin compatible, wanda ke faɗin sunan na'urar, shi ma haka. Kamfanoni da yawa ba su ƙera mai sarrafa USB nasu ba, zanen DesignWare suke saya daga Synopsys. Sai mai gaggawa ya ce a rubuta snps,dwc2 kawai ya wadatar. Masu duba aiki kan nace a fara da sunan ainihin guntun, kamar yadda aka yi wa RK3288 na Rockchip: rockchip,rk3288-usb, sannan rockchip,rk3066-usb, sannan snps,dwc2. Yau sunan farkon ba lallai ya yi wani amfani ba. Amma in bayan shekara uku aka gano wata matsala da ta shafi wannan guntun shi kaɗai, direba zai gane shi da sunansa ya kauce mata, ba tare da an bi na'urorin da ke hannun jama'a ana canza musu bishiya ba. A nan ne nake ganin masu duba aikin sun fi mai rubutawa hangen nesa, domin su ne suka sha ganin yadda ake ƙarewa.

Sannan Linux ba shi kaɗai ke karanta bishiyar ba. Manhajar tayarwa ta U-Boot tana karanta ta, FreeBSD da OpenBSD ma haka, kuma ba da direban Linux suke aiki ba. Shi ya sa ake son a saki takardun da lasisi biyu, GPL da BSD, kuma ake hana a rubuta a ciki abin da direba ke so; abin da ke cikin ƙarfen ake bayyanawa. In guntun yana da agogo uku direbanka yana amfani da ɗaya, ukun za ka lissafa.

Na yarda cewa YAML ɗin yana da wuyar sha'ani ga sabon shiga, saƙonnin kuskurensa ma ba su da daɗin karantawa. Maganin shi ne a fara da takardar kafin direba, kamar yadda ƙa'idar aika gyara ta tanada, a buɗe littafin bayanin guntun a gefe, a duba usb-drd.yaml da usb-hcd.yaml don kada a ƙirƙiro sunan da tuni akwai shi, a gudanar da make dt_binding_check kafin a aika wa kowa.