Sauƙin Karatu a Kwalejojin Al'umma na Amurka: Wa Ke Cin Moriyarsa?

A farkon 2025 hukumar da ke kula da kwalejojin al'umma 116 na jihar Kalifoniya ta nuna cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na takardun neman shiga da aka aiko mata, ana zargin na bogi ne. 'Yan damfara ne ke ƙirƙirar ɗalibai a kwamfuta, su yi rajistar azuzuwan intanet, su karɓi kuɗin tallafin karatu, su ɓace. Ɗalibai na gaske kan tarar aji ya cika. Daga nan aka yi ta maganar tsaurara tantancewa, amma abin tayar da hankalin ya wuce nan. Idan ɗalibin da babu shi zai iya yin makonni a aji kafin a farga, yaushe za a lura da na gaske da ya fara zamewa?

Babu mai musun cewa ɗalibai na buƙatar sauƙi. Kusan biyu cikin uku na ɗaliban waɗannan kwalejoji na shekara biyu ba cikakken lokaci suke karatu ba. Mafi yawansu ma'aikata ne, da yawa kuma iyaye. Wadda ta kwana tana jinya a asibiti ba za ta iya zaman lacca da ƙarfe takwas na safe ba. Da annobar korona ta zo, yawan ɗalibai ya ragu da kusan kashi 10 cikin ɗari a kakar 2020, kwalejoji suka rungumi duk abin da zai dawo da su.

Sai dai babban dalilin da ya sa tsarin karatu ta intanet ya zauna daram bayan annobar shi ne kuɗi. A jihohi da dama, yawan waɗanda suka yi rajista ne ke yanke mafi yawan kason kuɗin da kwaleji ke samu, kuma abin da ake kashewa kan kowane ɗalibi bai kai na jami'o'i ba. Ajin da aka naɗi darasinsa aka ɗora a intanet ba ya cin ɗaki, ba ya cin wuta. Malaman wucin gadi, waɗanda ke koyar da fiye da rabin darussa, ana biyansu ne bisa kowane kwas, wasu ko ofis ba su da shi. Su ake ce wa su sabunta koyarwa, galibi ba tare da an biya su sa'o'in da sake tsara darasi ke ci ba. A duba tsarin HyFlex da ya samo asali a Jami'ar Jihar San Francisco: ɗalibi ya zaɓi zuwa aji, ko shiga kai tsaye daga gida, ko kallon bidiyo daga baya. Malami ɗaya na rubutu a allo, yana kiyaye kada ya fita daga idon kyamara, yana leƙen tambayoyin da ake rubutowa, yana kuma tunanin wanda zai kalla da tsakar dare. Aikin mutum uku, albashin mutum ɗaya.

Sakamakon ba ɓoyayye ba ne. Binciken Di Xu da Shanna Jaggars na Jami'ar Columbia a kwalejojin jihohin Bajiniya da Washington ya gano cewa masu karatu ta intanet sun fi yawan janyewa ko faɗuwa, kuma abin ya fi taɓa maza, baƙar fata, masu ƙananan shekaru da masu raunin maki tun farko. Wato waɗanda aka ce don su aka yi. Kwalejin Calbright, wadda Kalifoniya ta kafa a 2018 don karatun intanet zalla, ta sha suka daga mai binciken kuɗi na jihar a 2021: cikin ɗalibai fiye da 900, mutum 12 kacal suka kammala a shekarar farko. Araha ba ta ado.

Masu goyon bayan sauƙaƙa karatu za su kawo misalin Odessa da Amarillo a Texas, inda aka raba zangon mako 16 zuwa na mako takwas, ɗalibi ya fuskanci darasi biyu maimakon huɗu. Gaskiya ne ya yi amfani, har Amarillo ta ci kyautar Aspen ta kwalejojin al'umma a 2023. Amma kwalejin ta haɗa shi da rumbun abinci da asusun gaggawa ga wanda kuɗin haya ko gyaran mota ke neman raba shi da makaranta. Wannan ɓangaren ne masu kwaikwayo ke tsallakewa.

Shirin ASAP da Jami'ar Birnin New York ta fara a 2007 shi ya fi fito da batun fili. Sharaɗinsa ma tsauri ne, dole ɗalibi ya yi karatu cikakken lokaci. A madadin haka ana ba shi katin jirgin ƙasa, littattafai, cikon kuɗin makaranta, da mai ba da shawara da zai riƙa ganawa da shi a kai a kai. Binciken cibiyar MDRC ya nuna kashi 40 cikin ɗari sun kammala cikin shekara uku, a kan kashi 22 na waɗanda ba sa cikin shirin. Da aka gwada shi a Ohio, an samu kusan irin wannan sakamakon.

Don haka duk kwalejin da ta yi shelar sabon tsarin sauƙaƙa karatu, a nemi kasafinta: nawa ta ware wa masu ba da shawara, nawa ta biya malamai don sake tsara darussa, kuma ɗalibai nawa suka fita da takardar shaida. Idan alƙaluman rajista kaɗai take da su, to sauƙin nata ne, ba na ɗalibi ba.